Shaidar da Muka Bayar a Kan Sharhabil

Shekara talatin da huɗu ke nan ina aski a Unguwar Kanawa, a shago ɗaya, kujera ce kawai na canza sau biyu. Sunana Ado. Wanda ya daɗe haka yana tsaye a bayan kawunan mutane ya kamata a ce ya koyi abu biyu: iya aski da iya riƙe baki. Askin dai na iya. Bakin ne ya gagare ni, kuma labarin abin da ya jawo zan bayar, ba don ina jin daɗin tunawa ba.

Duk mai waya a hannu ya san Tabo, mawaƙin nan na gambarar zamani, wadda yara ke kira rap. Shi ne mai tabo daga gefen ido zuwa tsakiyar kunci, wanda ke zare ido a bidiyo yana waƙar adda da gariyo da kwana a bayan kanta. Mu a layinmu ba mu san wani Tabo ba. Sharhabil muka sani, ɗan Malam Sulaiman, gida na uku daga shagona.

Malam Sulaiman akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Shekara talatin da biyar yana jera fayil, kuma halin aikin ya bi shi gida. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu kafin ya amsa. Bai taɓa faɗin abin da bai gani da idonsa ba, shi ya sa hira da shi ba ta da wani armashi. Muna girmama shi ƙwarai, amma in ya zo majalisa sai kowa ya tuna yana da aiki.

Batun tabon kuwa, ni na ɗauki yaron a kafaɗa ranar da ya same shi. Yana ɗan shekara bakwai aka aike shi gidan maƙwabciyarsu Hasiya ya karɓo rariya. Hasiya na da wani talotalo mai baƙin hali. Talotalon ya buɗe fiffike ya yo kansa, yaro ya kwasa da gudu yana waiwaye, ya je ya ci karo da kwanon rufi da aka jingine a bango. Ɗinki shida aka yi masa a kemis. Da ya ga jinin a rigarsa suma ya yi. Har yau in za a yanka ragon layya a gidansu, ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa.

Yaro ne mai kunne. Yana tasowa ya mayar da bencin shagona wurin zamansa, ba ya cewa komai, sai saurare. A lokacin 'yan shara, wato 'yan daban gari, na zuwa aski wurina, su zauna suna ta fankama da yarensu, wa ya sari wa, wa ya tsere wa 'yan sanda. Su tashi su tafi, Sharhabil ya maimaita maka maganarsu tsaf, har da yadda suke jan hanci. Mu yi ta dariya. Ba wanda ya kawo a ransa cewa abincinsa ne yake tarawa.

Ya yi difloma, ya fito da sakamako mai kyau. Shekara uku yana rubuta takardar neman aiki. Malam Sulaiman da kansa yake sa takardun a ambulan, ya hau motar Kawo ya shiga gari, ofis ofis, wurin mutanen da ya taɓa koya wa aiki. Kowa ya tashi tsaye ya gaishe shi, kowa ya ce a dawo wani watan. Ana cikin haka Sharhabil ya fara zuwa wani ɗan situdiyo a Kawo, a saman shagon masu fenti. Waƙoƙinsa na farko a kan mahaifiya ne, da haƙuri, da zaman lafiya. Na sa su a shago don kara. Gaskiya ko ni ban iya kai ƙarshensu ba.

Mai situdiyon, wani Kabir, shi ne ya dubi fuskarsa wata rana ya ce, "Kai da wannan fuskar kake waƙar haƙuri? Allah ya ba ka jari a kunci kana wasa da shi."

Suka zauna suka yi waƙar da suka sa wa suna Ɗinki Shida. A cikinta mutum shida ne suka tare shi a lungu, kowanne ya bar masa ɗinki ɗaya, shi kuma abin da ya bar musu ba ya faɗuwa. Ya zuba yaren nan da ya kwasa a bencina, bai rage ko kalma ba. Kafin wata biyu babu Keke Napep ɗin da za ka shiga daga Kawo zuwa Mando ba ka ji ta ba. Ba zan rage masa ba, yaron ya iya. Ni da na san talotalon, da na ji waƙar sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga nan abin ya buɗe. Kano, Jos, Abuja, har Yamai ya je ya cika fili. Ya sayi mota mai baƙin gilashi. Ya gyara mana kwalbatin layi, ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin masallaci. Mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashinsa, daga direba zuwa masu rawa. Amma bai bar gidan ubansa ba, ɗaki ya ɗora a sama. Kullum in zai shigo layi sai ya tsaya a bakin titi, ya cire sarƙoƙin wuyansa ya zuba a aljihun mota, ya ɗora hula, sannan ya ƙaraso. In ya tarar da Malam a ƙofar gida, har ƙasa yake durƙusawa.

Da ya yi suna, sai masu kyamara suka fara zuwa unguwa neman tarihinsa. Ranar da na farko zai zo, Sharhabil ya shigo shagona ya ja ni gefe.

"Kawu Ado, don girman Allah, in sun tambaye ka, kada ka ambaci talotalon nan."

"To me zan ce?"

"Ka ce dai ba ka son tuna ranar."

Haka na faɗa, na ƙara da girgiza kai. Da na ga kaina a waya, mutum dubu ɗari sun kalle ni, sai na ji abin ya yi mini daɗi. Na biyu da ya zo, na ƙara masa ruwan sama da duhun lungu. Na uku ya samu wuƙa mai baki biyu. Alhassan mai shayi, da ke tsallaken shagona, ya ga ba za a bar shi a baya ba, ya ƙirƙiro daren da Tabo ya karya masa benci uku a kan mutane. Rabi mai ƙosai ta ce in ta hango shi tafe kaskonta take saukewa. Har rabon aiki muka yi: tabo nawa ne, bayan kanta na Alhassan, kada wani ya shiga gonar wani. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba. A ganinmu ɗan unguwa ne ya samu hanyar abinci, muna tallafa masa, kamar yadda za ka kama wa maƙwabci tura mota. Malam Sulaiman kaɗai ne in ya hango kyamara yake naɗe tabarmarsa ya shige gida.

Shekara goma muna wannan. Ni na fara ganin gajiyar a kansa, don kai ba ya ɓoye wa mai aski komai. Furfura ta fara fito masa a gefe yana ɗan talatin da uku. Ya zauna a kujera, kafin in gama gefe ɗaya ya yi barci. Ya taɓa gwada sakin wata waƙa mai sanyi, masoyansa suka yi masa ca, wai ya zama ɗan lelen mama, sai da ya goge ta. Wata rana yana kallon madubi ya ce mini, "Kawu, wallahi na gaji da zare ido. Har ciwon kai yake sa ni."

Na ce, "To ka bari mana."

Ya ce, "In bari in koma rubuta takardar neman aiki? Saura kaɗan dai."

Abin da ban sani ba shi ne ya samu wadda yake so. Sunanta Umaima, malamar lissafi ce a wata sakandare a Mando. A asibitin ido suka haɗu, ta kawo mahaifiyarta, shi ya kawo Malam. Ta ga wani mai jallabiya riƙe da takalman tsoho da katinsa yana bin layi, ba ta ma gane shi ba. Wata takwas suna magana. Ya gaya mata komai, har talotalon, kuma daga baya ya ce mini ita ce mutum ta farko da ta yi dariyar labarin bai ji kunya ba. Mu kuwa bai gaya mana ba. Ina yaro zai tsaya gaban sa'o'in ubansa yana zancen budurwa? Kunya ce ta tarbiyya, kuma ita ta kashe mu.

Mahaifin Umaima ya rasu, don haka maganar aurenta na hannun baffanta, Alhaji Ismail, tsohon sufeton makarantu. Ta ce masa duk abin da ke cikin waƙoƙin wasa ne. Ya ce ya ji, amma zai yi abin da iyaye ke yi: zai je unguwar yaron da kansa, ba tare da ya ce ga ko shi wane ne ba, ya ji shaidar maƙwabta.

A makon ne kuma Kabir ya bugo mini waya, ya ce wani ɗan jarida daga gidan rediyo zai zo, za su yi shiri a kan cikar Ɗinki Shida shekara goma, mu shirya.

Ranar Talata da hantsi wani dattijo ya yi sallama a shagona. Farin kaftani, tabarau, biro biyu a aljihun gaba. Biron nan ne suka rufe mini ido. Ya ce a rage masa gemu. Na ɗaura masa ƙyalle, na fara, sai ya ce, kamar ba komai ba, "Nan ne layin mawaƙin nan ko? Wane irin yaro ne?"

Na ce a raina, ga mutumin rediyo ya iso. Na ajiye almakashi don in samu hannun nuni.

"Alhaji, ka zo wurin da ya dace. Ni na ɗauke shi cikin jini ranar da aka sare shi."

"Ashe da gaske ne?"

"Da gaske? Wallahi waƙar ma ragewa ya yi. Cikin shidan nan akwai wanda har yau da sanda yake tafiya."

"Yanzu fa? Ya daina?"

Na sunkuyo kusa da kunnensa na rage murya, yadda na ga yana burge masu kyamara. "Irin wannan ana dainawa? In ransa ya ɓaci ko ubansa ba ya iya tare shi."

Ban taɓa zuba labarin ya zauna kamar ranar ba. Da na gama na nuna masa teburin Alhassan, na ce ya je ya ji na bayan kanta. Ina hango su, Alhassan har tashi ya yi yana gwada yadda aka ɗaga benci. Rabi ma ta samu nata rabon. Dattijon ya dawo ta ƙofar shagona ya ce, "Na gode, Malam Ado. Kun sauƙaƙa mini aiki." Na ce ba komai, yi wa kai ne, na ma tambaye shi yaushe za a sa shirin. Ya dube ni kawai ya wuce.

Ranar Juma'a bayan an sauko Sharhabil ya shigo. Bai hau kujera ba, ya zauna a tsohon bencinsa, hularsa a hannu.

"Kawu Ado, me kuka gaya wa baffan Umaima?"

Na ce, "Wace ce Umaima?"

Da ya gama yi mini bayani sai na nemi wuri na zauna. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ba laifinku ba ne. Ni na roƙe ku."

Washegari ni da Alhassan muka sa rigunanmu na Juma'a muka tafi Mando. Alhaji Ismail ya shimfiɗa mana darduma, ya sa aka kawo ruwa. Muka kwashe komai muka faɗa, talotalo, kwanon rufi, ragon layya, bencin da bai taɓa karyewa ba. Alhassan har da ƙwalla. Ya saurare mu bai katse mu ba, sannan ya cire tabarau ya goge.

"Ranar Talata kun rantse mini da Allah. Yau ma kun rantse mini da Allah. Ni ba malamin duba ba ne, wacce zan ɗauka? 'Yar ƙanina ce, amana ce a hannuna. Ku nemo mini mutum ɗaya a layinku da bai taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba, in ji daga bakinsa."

A Keke muna dawowa muka yi ta lissafa mutanen layi gida gida. Mai kanti ya taɓa yi. Mai wanki ya yi. Hasiya mai talotalon da kanta ta taɓa gaya wa wata mai kyamara cewa tun yana yaro idonsa a tsaye yake. Har ladan ya taɓa cewa ana dai yi masa addu'ar shiriya, alhali ya san yaron a sahun farko yake sallar asuba. Kafin mu kai gadar Kawo mun ƙare layin kaf, saura mutum ɗaya.

Ba a saba neman shaidar ɗa a bakin ubansa ba, kowa ya san abin da uba zai ce. Amma Alhaji Ismail ya ce ya san labarin Malam Sulaiman tun suna aiki, zai karɓa. Ya zo gidan Malam ranar Litinin bayan la'asar. Suka zauna a zaure, ni ina gefe, Sharhabil na tsugune a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

"Malam, ɗanka ya taɓa dukan wani?"

"Ban taɓa gani ba, ba a taɓa kawo mini ƙara ba."

"Shaye-shaye fa?"

"Ban gani ba, ban ji wari ba. A gidana yake kwana in yana gari."

"Tabon fa?"

"An ce mini talotalo ne ya biyo shi. Ranar Laraba ce, ina ofis."

Na ga bakin Alhaji ya motsa kamar zai yi murmushi. Sai ya gyara zama ya ce, "Saura ɗaya. Da 'yarka ce, za ka ba shi?"

Malam Sulaiman ya juya wajen ƙofa. Na yi ta roƙo a zuci, Malam, sau ɗaya dai a rayuwarka, ka ce e ka huta. Ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa.

"Yaron kirki ne a cikin gida, ban taɓa kwana da ɓacin ransa ba sai a kan abu ɗaya. Shekara goma yana cin abinci da cewa shi mugu ne. Ya koya wa layi guda ƙarya, har da dattawa." Bai kalle ni ba, amma na ji ta a jikina. "Kuma ina ganin 'ya'yan mutane da wuƙa a ƙugu suna rera waƙarsa, shi kuwa ko kaza ba ya iya yankawa. Na ce ya bari, ya ce saura kaɗan. Da 'yata ce, Alhaji, zan ce ya bari tukuna."

Muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe. Ban taɓa jin haka daga gare shi ba.

Alhaji Ismail ya ce magana ta yi. Ya juya ga Sharhabil. "Ka ji mahaifinka. Ba na neman ka daina waƙa. Ka fito inda ka faɗi ƙaryar ka faɗi gaskiya, duniya ta ji, sannan ka turo magabatanka. Ina jiranka zuwa ƙarshen wata."

Sati uku yaron nan yana yawo kamar marar lafiya. Kabir ya ce masa in ya kuskura ya ambaci talotalo, ko bikin suna ba za a sake gayyatarsa ba, kuma ya tuna da mutum goma sha ɗaya da iyalansu. Umaima ta ce masa ita albashinta zai riƙe su kafin ya samu wani abu. Sharhabil ya ce mini sau huɗu yana kunna kyamarar wayarsa a ɗaki, ya ce "Jama'a, sunana Sharhabil," sai ya hango dariyar da za a yi masa daga nan har Yamai, ya kashe.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, yana kan kujerata da ƙyalle a wuya, sai ga wani saurayi da makirufo da jaka. Ɗan jaridar rediyon ne na gaske, sai yanzu Allah ya kawo shi. Ya yi murna ya samu mawaƙin da kansa. Ya ce ranar Asabar za a sa shirin yadda aka ɗauke shi, kuma an ce masa ni ne na san asalin tabon. Ya kunna na'urarsa ya miƙo mini makirufo.

Na dubi Sharhabil ta madubi. Ga dama ta zo har shago, ba sai ya buɗe baki ba ma, kai kawai zai ɗaga mini in faɗi talotalo in sauke mana kayan nan gaba ɗaya. Wallahi na so ya ɗaga. Ya dubi makirufon, ya dubi fuskarsa a madubi, ya daɗe. Sannan ya lumshe ido.

"Kawu Ado," ya ce, muryarsa can ƙasa, "ba shi na wuƙar."

Na ba shi. Mutum shida, ruwan sama, lungu, wuƙa mai baki biyu. Bakina ya san hanya, ba ya buƙatata. Saurayin ya yi godiya ya tsallaka wurin Alhassan.

Na ɗauki aska na ƙarasa aikina. Na gyara gashin gefen kuncin yadda tabon zai fito sosai, kamar yadda nake yi masa shekara goma. Idonsa a rufe, na ga ruwa ya gangaro ya bi ta kan ɗinkin. Na sa ƙyalle na share, na ce masa ya yi haƙuri, sifirit ne ya shiga masa ido.